An killace ni kwana 14, ga adakar littattafan Baba: da wanne zan fara?

Mai Gyaran Waya:

Assalamu alaikum jama'a. Yau kwanana uku a ɗakin zaure, ba shiga ba fita. Wanda muke rumfa ɗaya da shi a kasuwar waya ne aka gwada aka same shi da korona, shi ne ma'aikatan lafiya suka kira ni suka ce in killace kaina kwana 14, in na ji zazzaɓi ko tari in buga musu. Zuwa yanzu dai lafiyata ƙalau, alhamdu lillahi. Kano dama a kulle take tun daren 16 ga Afrilun wannan shekara ta 2020, amma da ina shiga cikin gida in zauna da yara. Yanzu kuwa sai dai uwargida ta ajiye kwanon buɗa-baki a bakin ƙofa, ta ƙwanƙwasa, ta juya. Jiya 'yar autata ta leƙo ta taga ta ce, "Abba, laifin me ka yi aka kulle ka?"

Waya ta fita daga raina, ni da nake ci da ita. Wuta sai ta ga dama, kuma duk inda na taɓa sanarwar rasuwa ce. Shi ne na jawo adakar marigayi Baba daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai Magana Jari Ce na ɗaya da na biyu (na ɗayan ba bango), Ruwan Bagaja, Shaihu Umar, Iliya Ɗan Maiƙarfi, Waƙoƙin Imfiraji, da tarjamar Alƙur'ani ta Malam Abubakar Gumi. Rabona da littafi tun ina sakandare.

Na ɗauki Shaihu Umar don na ga ba shi da kauri. Na ci shafi biyu sannan na farga ban san abin da na karanta ba, hankalina yana kan maƙogwarona, ina ta haɗiyar yawu ina sauraron ko da zafi. Don Allah waɗanda suka san littattafan nan, da wanne mutum zai fara in zuciyarsa ba a kwance take ba?

Tsohon Malamin Hausa:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya tsare, ya ba abokin naka lafiya, ya jiƙan mahaifinka. Daga ganin adakar nan ka san mutumin kirki ne ya tara ta.

Mayar da Shaihu Umar ka rufe tukuna. Littafi ne mai kyau, na koyar da shi shekara da shekaru, amma ba na wanda aka raba da iyalinsa ba ne. Labarin yaron da aka sace ne, da uwar da ta bi sawunsa har ta faɗa hannun masu cinikin bayi, ta ƙetare Sahara, ba ta sake ganinsa ba sai dab da ajalinta. Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi cikin sanyin murya, kuma sanyin nan ne yake kashe jiki. Ka bari sai ka fito.

Ɗauki wancan marar bangon. Na yi dariya da na ga shi a jerinka, domin Magana Jari Ce na ɗaya, in ka duba, labarin killacewa ne tun daga tushe. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi da Sarkin Sinari, ya bar ɗansa Musa a gida, ga Waziri yana ƙulla makircin yadda za a fito da yaron waje a hallaka shi. Kullum dare Musa sai ya yi ɗamara zai bi uban, ya zo sallama da aku, aku kuwa ya ce tsaya ka ji wani labari. Kafin a kai ƙarshe gari ya waye, fita ta fasu. Haka aka yi ta yi har Sarki ya komo. To kai ne Musa yanzu, ƙofar zaure ce ƙofar fada.

Abin da ya sa na ce shi kuma, labaran gajeru ne. Mai fargaba ba ya iya riƙe dogon zare, shafi uku huɗu ne iyakarsa. Ka gama ɗaya, ka tashi ka miƙe ƙafa, ka dawo. In hankalinka ya gudu a tsakiya ba ka yi asarar komai ba. Tun wajen 1937 Abubakar Imam ya fito da shi, amma har yau ban ga ɗalibin da ya karanta labarin nan na Sauna da 'yan'uwansa wawaye bai yi dariya ba.

In ka ji ka fara samun natsuwa, sai Ruwan Bagaja. Shi ma neman magani aka fita yi, amma rabin tafiyar Alhaji Imam da Malam Zurƙe ne suke ta rama wa juna tsiya. Zama ɗaya ake cinye shi.

Ɗan Ƙofar Mata:

Yaya, ni dai Iliya zan ce. Mutumin da ya yi shekaru a zaune ƙafa ba ta taka ƙasa, rana ɗaya ya miƙe ya hau dokinsa Ƙwalele ya shiga duniya. Kai kwana 14 kacal aka ce maka har kana ƙorafi. In ka gama ka turo lambarka in jefa ka gurup ɗinmu na littattafai, akwai wanda muke bi yanzu ya kai shafi na tamanin da wani abu.

Maman Hanifa:

Ɗan Ƙofar Mata, rufa masa asiri. Kada ka sa shi a gurup ɗin nan. Ni na san abin da na gani. Na bi wani labari wata biyu cur, kullum ina jiran a saki sabon shafi, ranar da aka zo daidai inda amarya za ta gane ko wane ne mijin, sai marubuciyar ta ce ci gaba sai an biya, bayan mako ɗaya kuma ta ɓace ɓat. Mutumin da yake ƙirga kwanaki ba ka ƙara masa wani jiran. Kuma ai ya ce wayar ce ba ya son gani.

Abban yara, shawarata ba ta zaɓen littafi ba ce, don Malam ya gama magana. Ka ce 'yarka tana leƙowa ta taga. To a shimfiɗa musu tabarma daga can nesa a tsakar gida, bayan an sha ruwa, kai kana ciki ka ɗaga murya ka karanta musu. Wanda yake karatu a bayyane ba shi da sararin sauraron maƙogwaronsa. Mahaifinmu haka yake mana da fitilar ƙwai, kuma in ya zo wurin aku har maƙe murya yake yi.

Imfiraji kuwa kada ka karanta shi da ido kamar jarida, ba zai yi maka daɗi ba. Aliyu Namangi makaho ne, da baki ya yi waƙoƙinsa, da kunne aka karɓe su. Rera shi za ka yi ko da muryarka irin ta ƙofar langa-langa ce. Sai dai akwai wuraren da yake zancen mutuwa da kabari ba sassauci, in ka iso nan da dare ka tsallake zuwa yabon Annabi.

Abu Sumayya:

Duk abin da aka faɗa daidai ne, amma ɗan'uwa kada ka manta watan da muke ciki. Mutane suna biyan kuɗi su nemi irin kaɗaicin da ka samu kyauta. Ga masallatai a rufe, ba tafsiri, kai kuwa ga tarjama a hannunka. Ba na ce ka yi tseren sauka ba. Bayan asuba, lokacin da kai yake sarari, ka ɗauki ko rabin izu ne, ka karanta aya ka duba ma'anarta. Ka fara da Suratu Yusuf, shi ma an rufe shi ba da laifinsa ba. Da rana in azumi ya fara cizo sai ka koma wa akun Malam.

Mai Gyaran Waya:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Yau kwana bakwai, ba zazzaɓi ba tari. Abokina ma an ce yana samun sauƙi.

Baba Malam, na bi maganarka. Da asuba ina kan Suratu Yusuf kamar yadda Abu Sumayya ya ce, a hankali nake tafiya don rubutun ƙanana ne. Maman Hanifa kuwa Allah ya saka, karatun taga ya karɓu har ya fi ƙarfina. Daren farko yarana uku ne a tabarma. Daren jiya ina cikin karatu na ji dariyar babban mutum ta bayan katanga, ashe maƙwabcina ne ya sa kujera a tsakar gidansa yana saurare. Na gwada maƙe murya a wurin aku, uwargida ta ce in daina, wai kamar an taka kyanwa.

Matsala ɗaya ce. Gara ta cinye ganye huɗu a wajen ƙarshen littafin, daidai inda Sarki yake hanyar dawowa daga yaƙi. Na ƙirƙiro wani abu na faɗa musu, babban ɗana ya ce bai yarda ba, wannan ba maganar aku ba ce, maganar Abba ce. Duk mai na ɗaya a gida don Allah ya ɗauko min hoton shafukan ƙarshen nan ya turo kafin magariba, zan kunna wayar saboda shi.