Me ya sa Rocky Horror na talabijin bai kama kamar na 1975 ba?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum masu sana'a. Tashar Fox ta Amurka ta sake yin The Rocky Horror Picture Show, fim ɗin 1975 mai waƙoƙi da ban tsoro da ban dariya, a 2016, mawaƙa masu murya, kayan aiki na zamani, amma masoyan tsohon suka juya masa baya. Ina gizo yake saƙar? Muna shirin sake ɗaukar wani tsohon fim mai waƙoƙi a nan Kumasi don talabijin, ba ma so mu faɗa rami ɗaya.

Mai Tacewa, Nima:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Na 1975 ma da farko bai yi kasuwa ba. Nunin tsakar dare ne ya raya shi, wanda aka fara a sinimar Waverly ta New York a 1976. 'Yan kallo suna mayar wa jarumai magana, suna watsa shinkafa idan an zo wurin bikin aure a fim, suna rufe kai da jarida idan ruwa ya sauko a fim. Rabin daɗin a kujerun kallo yake. Kenny Ortega, daraktan sabon, ya ɗauko 'yan wasa ya zaunar da su a matsayin 'yan kallo, yana yanke fim ɗin yana nuno su. Ihun da aka rubuta wa mutum ba ya tashin tsikar kowa, kuma kowace yanka tana katse labarin. Ga talla: da tsoro ya fara haɗuwa sai a tafi hutu. Ka tambayi tasharku minti nawa ne tsakanin talla da talla tun kafin a rubuta, kowace waƙa ta ƙare kafin hutu.

Sai tsabta. An ɗauki tsohon a Oakley Court, tsohon gida a Ingila, da duhunsa da tsufansa. Sabon a Toronto aka yi, haske ko'ina, tufafi kamar yanzu aka karɓo daga tela. Fim ɗin tsoro inuwa yake so. Fitilar da ke cike inuwa kada ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na babbar fitila, a wurin firgici ma ɗaya cikin takwas.

Injiniyan Sauti, Asawase:
Yaya ya gama magana kan hoto. A sauti, ku naɗi waƙoƙi a situdiyo tukuna, a kan 48 kHz (ma'aunin naɗar sauti na bidiyo). Kyamara ta tsaya a firam 25, wato hotuna 25 a daƙiƙa, tun daga farko har ƙarshe, shi ne na talabijin ɗin Ghana. In kun ɗauka a 24 aka mayar 25, hoto zai ƙara sauri da kusan kashi 4 cikin 100, baki ya rabu da waƙa. Don daidaita hoto da sauti, a sa ƙwanƙwasa huɗu a farkon fayil ɗin waƙa, a tafa hannu gaban kyamara, kuma fayil ɗaya ake kunnawa a kowace ɗauka. Jarumi ya rera da ƙarfi, ba motsa leɓe kawai ba, don jijiyar wuya tana tona asiri. Kada a goge numfashi wajen haɗa sauti. Murya mai santsi fiye da kima tana cikin abin da ya sanyaya na 2016. Janareta kuma a kai shi nesa, da doguwar waya.

Hajiya Furodusa, Maamobi:
Yarona, kafin kyamara, takarda. Furodusa Lou Adler yana cikin masu shirya na farko da na biyu. Ku samo izini a rubuce daga mai labari, da kuma masu waƙoƙin daban, sannan hukumar fina-finai ta ƙasa ta tantance shekarun masu kallo, bisa dokar fina-finai ta Ghana ta 2016. Dabara ɗaya da na yaba wa masu sabon: sun dawo da Tim Curry, jarumin tsohon, a matsayin mai ba da labari. In tsofaffin jarumanku suna raye, ku ba su gurbi. Kuma wanda zai nemi Rocky Horror don nazari, akwai batsa a ciki, ba na falo da yara ba ne.