Ina son goge tsofaffin rubuce-rubucena na Facebook, ta ina zan fara?

Ɗan Zazzau:
Assalamu alaikum. Na buɗe shafina na Facebook a shekarar 2011 ina ɗalibi, kuma a lokacin zaɓen 2015 na yi rubuce-rubuce masu zafi waɗanda yau ba zan so 'ya'yana su karanta ba. Yanzu ina shirin neman bizar karatu zuwa Amurka. Shin in rufe shafin baki ɗaya, ko in bi su ɗaya bayan ɗaya in goge?

Malama Mai Alli:
Wa'alaikumus salam. Kafin ka taɓa komai, ka fara sauke kwafin bayananka daga saitin asusun, domin akwai hotunan iyaye da 'yan uwa da suka riga mu gidan gaskiya waɗanda ba za ka sake samu ba. Tun 2020 Facebook ya ba da damar zaɓar rubuce-rubuce da yawa a lokaci guda, kana iya tace su bisa shekara, kuma abin da ka jefa kwandon shara yana yin kwana 30 kafin ya goge. Kada ka manta da sharhin da ka yi a shafukan wasu, domin galibi can ne zafin ya fi yawa.

Baban Khalifa:
Ɗan'uwa, ka yi hattara a kan batun biza. Tun 2019 fom ɗin Amurka yake neman sunayen duk shafukan da mutum ya yi amfani da su cikin shekara biyar, don haka ko ka rufe shafin, wajibi ne ka ambace shi, kuma ɓoye shi na iya jawo a hana ka bizar. A watan Yunin 2025 ma an umarci masu neman bizar karatu su bar shafukansu a buɗe yadda kowa zai iya gani.

Yaya Babba:
Ƙanena, ka goge, amma ka sani abin da wani ya ɗauki hotonsa ya ajiye a wayarsa ya riga ya fita daga hannunka. Idan kuma wani kamfani ne yake riƙe da bayananka, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ba ka 'yancin neman a goge su.

Ɗan Zazzau:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan bar shafin ba tare da na rufe shi ba, in sauke kwafin yau da dare, gobe in fara da shekarar 2015.