Ƙaramar hukuma ta hana takardun kwangila: daga yaushe kwana 30 na zuwa kotu ke farawa?

Lauyoyi, don Allah a taimaka. Kamfani ya nemi takardun tantance kwangilar rijiyoyin burtsatse daga wata ƙaramar hukuma, bisa Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. An buga hatimin karɓa. Kwana 7 da sashe na 4 na dokar ya ba hukuma ta ba da amsa suka cika shiru, ba takardar ƙarin wa'adi. Sai a rana ta 25 suka ƙi, wai sirrin kasuwancin wasu ne, bisa sashe na 15. A ganina kuɗin jama'a da aka biya ɗan kwangila ba sirri ba ne.

Sashe na 20 ya ba da kwana 30 a garzaya kotu. Daga cikar kwana 7 ake ƙirgawa, ko daga ranar wasiƙar ƙin? Kuma babbar kotun jiha za a je, ko ta tarayya?