Muhawara: Wai Bernard Buffet mai zanen talakawa ne?

Auwal: Jama'a, raina a ɓace yake. Kwana uku ina rubutu kan Bernard Buffet, mai zane ɗan Faransa, malaminmu ya dawo min da takardar wai ɗan kasuwa ne kawai. Mutumin da aka haifa a 1928, zuwa 1948 har ya ci kyautar masu sharhin zane a Paris! Ku dubi mutanen da ya zana bayan Yaƙin Duniya na Biyu: dogaye, ramammu, fuska a yamutse, baƙaƙen layuka kamar an karta da ƙusa. Hassada ce ta sa masana suka juya masa baya. Mai zanen talakawa ne.

Zainab: Talakawa? Mai motar Rolls-Royce da katafaren gida tun bai kai shekara 30 ba?

Auwal: Anti Zainab, na ce yana zana talakawa, ban ce shi talaka ba ne.

Zainab: To ai cin kasuwa da yunwar wasu ke nan, ƙanena. Zane sama da 8,000 fa ya yi. Fuskar ɗan wasan barkwanci da yake zanawa, sau nawa ya maimaita ta?

Musa Maraɗi: Ramammen mutum ba lallai talaka ba ne. Baƙin ciki yake zanawa. Ku da ba ku jin Faransanci, a ina kuka karanta shi?

Habibu: Malam Musa, Faransancin ne ke ganin zane ko ido? Kullum sai ka kawo mana wannan.

Musa Maraɗi: Ko sunansa ba ka iya faɗa ba. "Bufe" ake cewa.

Habibu: Mutanen Japan da suka gina masa gidan tarihi a Shizuoka a 1973, su ma Faransancin suka ji?

Auwal: Don Allah ku dawo kan hassadar. Da ciwon Parkinson ya hana hannunsa riƙe buroshi, kashe kansa ya yi a 1999. Ɗan kasuwa zai yi haka?

Zainab: Ka janye kalmar talakawa tukuna.

Habibu: Bari in taƙaita. An yarda Buffet gwani ne, Japan ta shaida. Anti Zainab motar ce ta tsone mata ido, Malam Musa kuma bai kawo hujja ko ɗaya ba.

Zainab: Wa ya yarda? Ni dai ban yarda ba.