Ta ina zan bi da Hajiya zuwa Toronto: Adis, Doha, Istanbul ko Frankfurt?

Baban Hanif:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema wurin waɗanda suka saba doguwar tafiya. Ƙanwata da ke aure a Toronto ta kusa sauka, bizar Hajiyarmu ta fito, kuma ni zan raka ta. Shekarunta 68, tana fama da gwiwa. Ko a falo in ta daɗe a kujera sai an kama ta kafin ta miƙe, salla ma a zaune take yi. Tafiya mafi nisa da ta taɓa yi ita ce Kano zuwa Jidda.

Tunda babu jirgin da ke tashi daga Najeriya kai tsaye zuwa Kanada, dole mu canja a hanya. Ejan mai sayar da tikiti ya jero mini Adis Ababa, Doha, Istanbul da Frankfurt, ya ce in zaɓa, kuɗin ba su yi wa juna nisa ba. Aljihuna ba zai ɗauki bizines, wato ajin gaba mai tsada, na mutum biyu ba. Dabarata ita ce in yanki ikonomi, ajin baya mai araha, daga baya a ɗaga wa Hajiya kujera zuwa bizines ita kaɗai, ko da zango ɗaya ne, ta samu ta miƙe ƙafa. Ta wace hanya hakan ya fi yiwuwa? Ita dai ta kafe a kan Adis, don kawai a nan Kano ake shiga, ba sai an je Abuja ba.

Kawu na Fagge:
Wa alaikumus salam. Allah ya sauke ta lafiya. Hajiya ta fi ka gaskiya, ɗana. Na fi shekara goma ina bin jirgin Ethiopian ta Adis zuwa Guangzhou sarin kaya. A filin jirgin Malam Aminu Kano za ka auna akwatinka, ba za ka sake ganin sa ba sai inda za ka. Ka ɗauki tsohuwa mai ciwon gwiwa ka kai ta Abuja, ku kwana, ku sake jan kaya, ai tafiyar ta gajiyar da ita tun ba a fara ba. In jiran Adis ya wuce awa takwas ma har masauki suke bayarwa.

Maman Iman:
Kawu, Allah ya ƙara girma, amma hanyar Sin daban, ta Kanada daban. Mai zuwa Guangzhou gabas ya nufa, Adis a kan hanyarsa take. Mai zuwa Toronto kuwa baya zai koma sama da awa huɗu, sannan ya juyo. Ga wani abu kuma: Adis a kan tudu take, sama da mita 2,300. Iskar wurin ba ta da kauri, jirgi ba ya iya tashi da cikakken mai da cikakken kaya, shi ya sa na Toronto yake sauka a Turai ya sha mai. Ba a fita, kuna zaune a ciki har a gama. In ka haɗa duka, Hajiya za ta yi sama da awa 16 a kujera ɗaya. Na bi da surukata haka, da muka sauka takalminta ya ƙi shiga, a hannu na riƙo mata shi har mota. Dawowa ce mai sauƙi, kai tsaye yake zuwa Adis.

Tsohon Ma'aikacin Tikiti:
Baban Hanif, bari in ɗan tsawaita, don a nan mutane suka fi yin asara.

Ba filin jirgi ne ke ɗaga kujera ba, kamfani ne. Filin da ka zaɓa shi ke yanke maka abu biyu: wane kamfani zai ɗauke ku, da yadda za a raba awoyin tafiyar. Ana ɗaga kujera ne zango-zango, don haka ka tambayi kanka wane zango ne zai fi cin gwiwar Hajiya. Ta Frankfurt, wajen awa 6 ne daga Abuja da daddare, sai wajen 8 da rabi zuwa Toronto. Ta Istanbul wajen 7 ne da 11. Ta Doha wajen 7 zuwa 8, sannan kusan 14. Duk inda zango na biyu ya fi tsawo, kuɗin ɗagawa ya fi tsada, kuma in ba a samu ba wahalar ta fi yawa.

To a nan dabarar taka take da rami. Hanya uku aka fi bi wajen ɗaga kujera. Akwai maki na masu yawan tafiya, irin ShebaMiles na Ethiopian, Miles&Smiles na Turkish, ko Avios na Qatar, kuma ban ji ka ce kana da su ba. Akwai tayi: kwanaki kaɗan kafin tashi kamfani zai turo imel ya ce ka faɗi abin da za ka iya biya, in an karɓa a cire a katinka. Sai biya a kanta ranar tafiya, in akwai kujerar da ta rage. Babu ɗaya a cikinsu da aka yi maka alkawari. Jirgi ya cika, magana ta ƙare. Kuma kowane tikiti yana da harafi da ke nuna matakin farashinsa. Mafi arha, da na rukuni da wasu ejan-ejan ke sayarwa, sau da yawa ba a yarda a ɗaga su kwata-kwata. Kafin ka tura kuɗi, ka ce wa ejan ya faɗa maka harafin, ya kuma sa imel ɗinka da lambarka a kan tikitin, ba nasa ba. In nasa ya sa, saƙon tayin can zai je ya kwanta.

Shawarata: kada ka gina lafiyar tsohuwa a kan ƙila. Akwai aji na tsakiya, firimiyam ikonomi. Ba ya kwantawa ya zama gado, amma tazarar kujeru wajen inci 38 ce maimakon 31, ga wurin ɗora ƙafa, kujerar kuma ta fi faɗi. Lufthansa da Air Canada da British Airways suna da shi. Ethiopian da Turkish da Qatar a yanzu ba su da shi, daga ikonomi sai bizines, ba tsani a tsakani. In ni ne, Frankfurt zan bi da Lufthansa, in saya mata firimiyam tun yanzu, kujerarta a hannu. In saƙon tayi ya zo daga baya, daga can zuwa bizines ya fi kusa.

Abu ɗaya ka duba: zangon Frankfurt zuwa Toronto yakan ɗauki lambar Lufthansa alhali jirgin na Air Canada ne. Mai jirgin ne ke da iko da kujerunsa, shi za ka nema.

Ɗan Zariya:
Yallaɓai, ka manta maganar biza. Fasfo ɗin Najeriya yana cikin waɗanda ake nema wa bizar wucewa a filayen jiragen Turai. Kada su je a hana su shiga jirgi tun daga Abuja.

Tsohon Ma'aikacin Tikiti:
Gaskiyarka, Najeriya na cikin jerin. Amma mai bizar Kanada ko Amurka da ba ta ƙare ba an ɗauke masa, matuƙar bai fita daga sashen masu wucewa ba. Tarkon shi ne tikiti mai tsayawa biyu a cikin ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, misali Frankfurt sannan Munich kafin Toronto. Wannan shiga ƙasa ne, sai da cikakkiyar biza. Tsayawa ɗaya tak. Kuma ya duba ranar ƙarewar bizar ya gwada da ranar dawowarsu, ya tambayi kamfanin a rubuce.

Hajiya Babba:
Ni dai ban yarda da Jamus ɗin nan ba. Ku matasa kuna lissafin awa, ni ina tunanin mace mai shekara 68 da ba ta jin Turanci. A Doha ko Istanbul duk abincin jirgi halal ne, masallaci da wurin alwala a ko'ina, ba mai kallon mayafinta. A Hamad, filin jirgin Doha, na taɓa yin jiran awa biyar, na yi sallolina, na kishingiɗa a ɗakin hutawa na mata. Kujerar bizines ɗin nan ta Qatar da ake ce wa Qsuite har ƙofa gare ta, jikata ta taɓa saya mini, na yi barci kamar a ɗakina. In zai iya, ya bi can.

Maman Iman:
Hajiya, Qsuite kam ba a magana, amma ba kowane jirginsu ke da ita ba, kuma in bai samu ɗagawar ba awa 14 ce a ikonomi. Abinci kuwa ana neman na Musulmi a Lufthansa tun wurin yankar tikiti, a Frankfurt ma akwai ɗakin salla. Istanbul tsakiya ce mai kyau, sai dai girman filin. Sabon da aka koma a 2019 ɗin nan, daga ƙofa zuwa ƙofa sai ka yi tafiyar minti ashirin.

Nas Rabi:
Ko ta ina kuka bi, Yaya, ka nema mata keken turawa tun yanzu, kada ya gaza awa 48 kafin tashi. Kyauta ne. Ka faɗa musu ko tana iya hawa matakala, don wani lokaci jirgi a fili yake tsayawa a kwashe mutane a bas. Kada ka biya kuɗin kujerar bakin ƙofar gaggawa don ganin faɗin wurin, ba a zaunar da mai neman taimako a nan, za a tashe ta. Kujerar gefen hanya ka zaɓa mata, ta riƙa tashi tana ɗan takawa duk bayan awa biyu, ta sha ruwa ko da tana gudun zuwa bayi. Dogon zama yana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, ku ga likitanta a kan safar matse ƙafa. Magungunanta a jakar hannu.

Sannan ka yi tunani: in tana gaba kana baya, wa zai kama ta ta miƙe? Firimiyam yana jingine da ikonomi, labule ne kawai tsakaninku. Ka ɗauki layin farko na bayanta.

Baban Zara:
Kada ka yarda da jiran da bai kai awa uku ba, kuma komai ya zama a tikiti ɗaya. Na taɓa raba tikiti don ragin kuɗi kaɗan, jirgin farko ya makara awa biyu, na iso ina hango nawa ana ja da baya. Kamfani na biyu ya ce ba ruwansa, sabon tikiti na yanka, na kwana a benci da jaka a matsayin matashi. Af, kuma ka bincika akwatin Hajiya da kanka. Kilishi da dambun nama ba sa shiga Kanada, duk abincin da kuka ɗauko ku rubuta a takardar kwastan. Na san iyayenmu, sai ta cusa a cikin zani ta ce na maijego ne.

Baban Hanif:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baban Zara kamar kana gidanmu, tun jiya aka aika Agadasawa sayen kilishi, yanzu na kira na ce a dakata.

Na koma wurin ejan. Tikitin da ya so ba ni na Doha ashe mafi arha ne, da na tambayi harafin sai ya ce ai ba a ɗaga shi. Na sa ya duba Frankfurt: tsayawa ɗaya, jiran awa huɗu da ɗan kai, firimiyam ga Hajiya, ikonomi gare ni. Ya riƙe mana kujerun zuwa jibi. Kawu, na ji maganarka ta wahalar Abuja, za mu tafi kwana biyu kafin ranar ta huta a gidan yayana a Kubwa. Saura shawo kan Hajiya, don har yanzu cewa take ita ba ta ga dalilin da za a bar jirgi a ƙofar gida a tafi nema a Abuja ba. Maman Iman, ko za ki yi mata bayanin takalmin nan da bakinki? Zan turo miki lambarta ta akwatin sirri.