Shin "dowry" shi ne sadaki?

Ɗan Jidda: Salamu alaikum. A takardun auren da ake fassarawa nan Jidda don neman biza, inda Larabci ya ce mahr, wato sadaki, sai ka ga an sa dowry a Turanci. Daga ina kalmar ta fito? Daidai take da sadakinmu?

Malam Na Makka: Wa alaikumus salam. Asalinta Latin ne, dos, wato dukiyar da amarya ke tarewa da ita gidan miji. Dangi ɗaya suke da dare, "bayarwa". Daga baya ta zama dotarium, Faransanci ya lanƙwasa ta, ta shiga Ingila bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci ƙasar a 1066. Can ta rabu biyu. Dowry ita ce abin da dangin mace ke bayarwa. Dower kuwa, a tsohuwar dokar Ingila, rabon matar da mijinta ya rasu ne: sulusin filayensa, tana cin amfaninsu iya rayuwarta. Har takardar Magna Carta ta 1215, yarjejeniyar haƙƙoƙi tsakanin sarkin Ingila da manyan ƙasarsa, ta ba ta kwana 40 a gidan mamacin kafin a ware mata rabon. Endow, ba da dukiya kamar waƙafi, ita ma daga wannan tsatson take.

Hajiya Mai Tafinta: Malam ya gama magana kan asali. Matsalar tana wajen wa ke ba wa. Sadaki daga miji yake zuwa hannun mata, mallakinta ne, ba na uba ba. Dowry ta fi kama da gara da kayan ɗaki. Ma'aikacin da ya karanta "dowry: riyal 20,000" zai ɗauka iyayen amarya suka biya ango, abin da Indiya ta haramta tun 1961. Ƙanena, ka sa a rubuta mahr yadda take, a bi ta da bayani: kuɗin da miji ya ba mata. Idan akwai muƙaddam (wanda aka biya nan take) da mu'akhar (wanda aka jinkirta), a raba su layi biyu, don na biyun bashi ne a wuyan miji.

Ɗan Jidda: To lefe fa, Hajiya?

Hajiya Mai Tafinta: Kyauta ce, kamar shabka, kayan zinaren da ango ke ba amarya a wajen mutanen nan. In ba a rubuta shi cikin takardar ɗaurin aure ba, kar mai fassara ya cusa shi.