Gyaran rubutun darasin Python da Hausa: ta ina ake farawa?

Malamin sakandare, Ringim:
Assalamu alaikum. Akwai darasin koyon Python (yaren rubuta manhajar kwamfuta) mai shafi 12 da aka rubuta wa ɗalibai da Hausa, za a kai shagon buga takardu ranar Asabar. Me ya kamata a fi dubawa?

Ɗan Kazaure:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin nahawu, ka kwafi kowane misali daga takardar ka gwada shi a kwamfuta. Idan a Word aka rubuta, yakan lanƙwasa alamar zance, Python kuwa miƙaƙƙiya kawai ya sani, sai ya ba da SyntaxError, wato saƙon cewa an saɓa ƙa'idar rubutunsa. Wani tarkon namu ne na Hausa: print('ya'ya), wato umarnin nuna kalmar a allo, ba zai yi aiki ba, don alamar tsakiya ta rufe zancen. A rubuta print("'ya'ya"). A kuma duba tazarar farkon layi, gurbi 4 ƙarƙashin umarnin if ko for, kada a cakuɗa da tazarar maɓallin Tab.

Malama daga Gumel:
Gaskiya ne. Sai bayanin kansa. Idan an ce range(1, 5) yana ƙirga 1 zuwa 5, kuskure ne, a 4 yake tsayawa. Haka 7 / 2 yana ba da 3.5, wanda ke ba da 3 shi ne 7 // 2. Duk inda ka ga print ba tare da baka biyu ( ) ba, tsohon Python 2 ne, wanda aka daina kula da shi tun 2020.

Ɗan Kazaure:
Af, kalma ɗaya ga abu ɗaya. In an ce "mazubi" a shafi na 2, kada ya koma "ma'aji" a shafi na 7, ɗalibi zai ɗauka abu biyu ne.